Na zana Hajiyarmu, ta ce ba ta san matar ba

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum 'yan zauren masu zane na Jos. Wata biyu ke nan ina laɓe ina kallon ayyukanku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai na yi ta maza. Ga zanen kakata, Hajiyarmu, daga hoton da na ɗauke ta da waya ranar sallah. Kwana huɗu na yi a kansa, da fensir HB irin na 'yan makaranta da takardar fotokwafi. Da na gama na kai mata da ɗokina, ta sa tabarau ta duba, ta matso da shi, ta nesanta shi, sai ta ce, "Allah sarki, wannan wace baiwar Allah ce?" Har yanzu ƙannena dariya suke min. Don Allah a gaya min gaskiya, kada a ji nauyina. Ina na kuskure?

Mai Hoto Terminus: Wa alaikumussalam. Kai, Hajiya ta gama da kai! Amma ka yi ƙoƙari fa, ɗaurin ɗankwalin nan ya fito, har da lanƙwasar da ke bayan kunne. Turo mana asalin hoton mu gwada su.

Ɗan Gangare: Ga shi nan, Yaya.

Anti Mai Lalle: Tubarkalla, Hajiya kyakkyawa ce. Ƙanena, matar da ka zana kam ba ta kai arba'in ba, ita kuwa Hajiya ga alama ta ga jikoki da yawa. Ka share mata shekaru kyauta, ai godiya ya kamata ta yi maka.

Baba Malamin Zane: Yaro, sannu da ƙoƙari. Na koyar da zane a sakandare har na yi ritaya, kuma kuskuren da ka yi shi ne wanda kusan kowane ɗalibi ya fara kawo min. Ɗauki rula ka ɗora a kan hoton Hajiya. Auna daga tsakar kanta zuwa haɓa, ka raba biyu. Ina rabin ya faɗa? A kan idanu. Yanzu yi haka a naka zanen. Za ka tarar ka kai idanun sama can kusa da bakin ɗankwali, ka cinye goshin gaba ɗaya, shi ya sa fuskar ta yi tsawo daga hanci zuwa ƙasa kamar ta wata. Dalili kuwa, mu mutane ido da hanci da baki muke kallo idan muna magana da mutum, ba mai kula da goshi, sai hannu ya ba abin da muka damu da shi fili ya matse sauran.

Na biyu, idanun sun yi girma, kuma ka yi su kamar ganyen dogon yaro, masu tsini gaba da baya, da ƙwayar ido zagaye cif a tsakiya. Wannan idon ba na Hajiya ba ne, idon da ka haddace ne tun firamare. Duba hoton da kyau. Fatar idonta ta sama ta sauko ta rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na baƙin idon, ga 'yar jaka a ƙasa, ga gefen waje ya ɗan rusuna. Kamanninta a nan suke. Kuma tsakanin ido da ido, faɗin ido guda ne ya kamata ya shiga, a naka rabin ido ma da ƙyar.

Ɗan Gangare: Baba wallahi na auna yanzu, haka ne. Kusan santimita biyu na ɗaga su. Ni da na ɗauka matsalar fensir ce.

Baba Malamin Zane: Fensir ma yana da nasa laifin, amma ƙarami ne. Bari sauran su yi magana tukuna.

Mai Hoto Terminus: Ni dai gajeriyar hanya zan ba ka, ƙanena, wadda nake cin abinci da ita. Buga hoton a takarda baƙi da fari. Ja masa layuka tsaye da kwance kamar gidan dara, kowane gida santimita 2. Ja irinsu a takardar da za ka yi zane, da fensir mai tauri kuma kada ka danna, don ka iya gogewa. Sa musu lamba a gefe. Daga nan ka manta da cewa fuska kake zanawa, ka bi gida-gida: a gida na biyar layi ya shigo ta kusurwar hagu ya fita ta tsakiyar ƙasa, shi ke nan. Wallahi ido ba zai ƙara hawa goshi ba. Akwai ma manhajojin waya da ke ɗora maka layukan a kan hoto. Da ka yi haka, da Hajiya ta gane kanta tun daga bakin ƙofa.

Baba Malamin Zane: Na san za ka kawo gidan darar nan. Ban ce ba ta aiki ba. Amma na ga yara da suka shekara uku a kanta, ka ajiye musu kofi a tebur ka ce su zana, sai su tsaya suna kallonka, don ba layin da za su bi. Injin fotokwafi ka mayar da yaro ke nan, sai dai shi injin ya fi shi sauri.

Mai Hoto Terminus: Baba, da girmanku, ku albashi ake biyan ku ƙarshen wata ko ɗalibi ya iya ko bai iya ba. Ni mutum zai zo ranar Litinin da hoton ogansa da zai yi ritaya, ko na amarya da ango, ya ce Juma'a yake so a firam. Idan hancin ya kauce kaɗan ba zai karɓa ba, kuma kuɗin takarda da gilashi ni na zuba. Sau ɗaya na yi wa wani alhaji da ido kawai don in gwada kaina, ya zo ya duba ya ce ƙanensa na zana, kuma ba sa shiri da ƙanen. Aikin yana nan jingine a bayan shagona har yau.

Ɗalibar Jami'a: Hhhh Yaya Mai Hoto ka ba ni dariya. Ni dai a ganina Baba da Yaya duk kuna da gaskiya, abin da kowa ke nema ne ya bambanta. Gidan dara ba sabon abu ba ne, masu zanen bango a tsohuwar Masar sun yi aiki da shi, haka Albrecht Dürer na Jamus ya zana yadda ake kallon abu ta cikin firam mai zare gida-gida kusan shekara 500 da suka wuce. To amma a sashenmu na zane ba a barin ɗan aji ɗaya ya taɓa shi. Kwalabe da tukwane da ƙyalle ake tara mana a tebur, mu yi ta fama. Sannan a kora mu waje da littafin zane. Ni kasuwar Farin Gada nake zuwa da safe lokacin da ake sauke kabeji da karas, in zauna gefe in zana masu dako. Mutum ba zai tsaya miki ba, daƙiƙa talatin ya wuce da buhu a ka, dole hannu ya koyi kama tsayuwar jiki da layi huɗu ko biyar. Shafi ashirin na farko duk shirme ne, kamar tsintsiya ta sa riga. Daga baya sai ki ga abu ya fara kama da mutum.

Mai Hoto Terminus: To ai su ma manyan da duniya ta sani daga hoto suke aiki. Eli Waduba ɗan Kaduna fa, zanen fensir da ya yi na Kevin Hart a 2019 ne ya zagaye intanet har shi ɗan wasan na Amurka ya gani ya ce zai saya. Ga Arinze Stanley a Legas, ga Kelvin Okafor a Ingila. Ba wanda ya ce musu injin fotokwafi.

Baba Malamin Zane: Ban raina su ba, aikinsu yana da ban mamaki, kuma irin wannan hannun ba a mako guda ake samun sa ba. Abin da ke damuna shi ne yaranmu yanzu sun ɗauka zane ɗaya ne a duniya, wato wanda za a ce "kai, kamar hoto!" Je ka nemi zanukan Uche Okeke, wanda ya tashi a nan Kafanchan, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Da 'yan layuka ƙalilan zai tsayar maka da mutum har da halinsa. Ba ramin gashi ko ɗaya da ya ƙirga. Wanda ya iya gani, in ya ga dama ya ɗauki gidan dara don sauri, ba zai cutar da shi ba. Wanda bai iya ba kuwa, sanda ce da ba zai taɓa ajiyewa ba.

Mai Hoto Terminus: Wannan na ƙarshen na yarda da rabinsa.

Shugaban Zaure: Rabi ma ci gaba ne, bara ko kwata ba ka yarda da shi ba. A dawo kan yaron nan don Allah, ya yi shiru.

Ɗan Gangare: Ina nan Shugaba, rubutawa nake a littafi. Tambayata ita ce, Hajiya baƙa ce sosai amma a zanena ta fito fari-fari kamar an bula mata toka. Na danna fensir ɗin iya ƙarfina, sai wurin ya riƙa ƙyalli kamar gwangwani, har takardar ta loɓa.

Ɗalibar Jami'a: HB ba zai taɓa ba ka baƙin da kake nema ba ko da za ka huda takardar. Nemi 2B da 4B da 6B, ukun nan sun ishe ka shekara guda, shagunan littattafai na wajen Ahmadu Bello Way za ka samu. In ka samu na kamfanin Staedtler ko Faber-Castell to, in ba ka samu ba kowanne ma ya yi. Kada ka ɓata kuɗi a kan akwati mai guda goma sha biyu. Kuma baƙi hawa-hawa ake gina shi: shimfiɗa 2B a hankali ko'ina in ban da inda haske ya bugi fuska, ka bi da 4B inda ya fi duhu, 6B sai ƙarshe, a ramin hanci da kusurwar baki da ƙarƙashin haɓa da bakin ɗankwali. A fatar baƙin mutum hasken nan na goshi da karan hanci da saman kunci shi ne ke fito da siffa. Ƙanƙance idonka ka kalli hoton Hajiya har ya yi dishi-dishi, za ka ga wurare uku ko huɗu ne kawai ke da haske, sauran duk duhu ne. Kai kuma tsoron baƙi ya sa ka bar rabin fuskar fari.

Wani abu kuma, farin ido ba fari ba ne. Yana cikin inuwar fatar ido, toka-toka ne. Da ka bar shi fari tas sai ta zama kamar ta ga abin tsoro. Haƙora ma kada ka ja wa kowanne layi, in ba haka ba sai su fito kamar masara.

Anti Mai Lalle: Masara kam na gani a nan, guda shida ne a jere. Amma ni abin da na hango, tabon yatsa ne a kumatun. Da yatsa ka murza ko?

Ɗan Gangare: E Anti, haka na ga ana yi.

Anti Mai Lalle: Daina. Yatsa yana da maiƙo, balle yanzu da sanyin Jos ya sa kowa ke shafa man kaɗanya da basilin safe da yamma. Inda maiƙon ya taɓa, garin fensir zai manne ya yi dabbare-dabbare, kuma kilina ba ta fitar da shi. Ni kafin in zana wa amarya fure a hannu sai na gwada shi a takarda, a nan na koyi wannan. Yagi 'yar takarda ka naɗe ta tamau kamar tsinke mai tsini, ka murza da ita, ko audugar goge kunne. Sannan ka sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka don kada gefen tafinka ya yi ta share abin da ka gama. Wai ni Baba, tun muna yara ake hana mu lasar bakin fensir, wai dalma ce guba. Gaskiya ne? Autana ya cinye min rabin 4B.

Baba Malamin Zane: Kwantar da hankalinki 'yata, babu dalma a ciki ko kaɗan. Wani baƙin ma'adini ne da ake kira girafait, dangin gawayi, aka kwaɓa shi da yumɓu aka gasa. Da aka gano shi da yawa a Borrowdale ta Ingila a ƙarni na 16 an ɗauka dalma ce, sunan ya bi shi. Haɗin da yumɓu kuwa wani Bafaranshe ne, Conté, ya fito da shi a 1795, lokacin da yaƙi ya hana Faransa samun na Ingila. Sirrin lambobin ke nan: yumɓu ya yi yawa, fensir ya yi tauri ya yi haske, shi ne H. Yumɓu ya ragu, ya yi laushi ya yi baƙi, shi ne B. Shi ya sa 6B ke saurin ƙarewa da saurin karyewa. Da reza ake feƙe shi, a hankali, a bar bakin ya ɗan yi tsawo. Amma dai ki ɓoye wa autan, fentin jikin katakon ba abinci ba ne.

Bakanike Dilimi: Salam. Ku yi haƙuri zan kawo abin da ba a tambaya ba. Ni ma ina son zane, motoci da injuna nake yi in ba aiki a gareji. Amma zanen fuskar mutum fa? Mun ji malamai suna karanto hadisai masu tsanani a kan masu sura abu mai rai. Yaron nan yanzu ya fara, gara a gaya masa.

Mai Hoto Terminus: Ga shi nan kuma. Duk wata uku sai an tayar da wannan.

Bakanike Dilimi: Ba faɗa na zo yi ba Yaya, tunatarwa ce.

Shugaban Zaure: Maganarka tana kan hanya, Malam, kuma ba za a goge ta ba. Hadisan suna nan, malamai kuma sun yi bayani mai yawa a kai, sun bambanta a kan mutum-mutumi mai jiki da zanen da ke shimfiɗe a takarda, da cikakkiyar sura da wadda ba ta cika ba. Nan ba zauren fatawa ba ne, kuma muna da 'yan'uwa Kirista a cikinmu. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da muka saba, wanda ya bar zanen mai rai ba a yi masa gori, wanda yake yi ba a bi shi da wa'azi a akwatin saƙo.

Baba Malamin Zane: Kuma ko don koyo ma, ni ba zan sa yaro ya fara da fuska ba. Fuska ita ce ta fi komai wuya, don ko jariri ya san in ta karkace. Ga aikin da zan ba ka, Ɗan Gangare, kai ma Bakanike in kana so. Ɗauki butar gidanku ka ajiye kusa da taga, haske ya zo mata ta gefe ɗaya. Miƙe hannunka sosai da fensir a tsaye, kanne ido ɗaya, ka auna tsayinta da babban yatsa, ka juya fensir ɗin ka ga faɗinta sau nawa zai shiga tsayin. Kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, in ta lanƙwashe awon ya tashi. Fara da layi mara nauyi wanda da ƙyar ake gani, ka riƙe fensir daga can baya, motsin ya fito daga kafaɗa, ba irin riƙon rubutu ba. Kada ka taɓa inuwa sai siffar ta zauna. Buta ɗaya, kullum, kwana bakwai. Kilina kuma a ba Anti ajiya.

Ɗan Gangare: Buta kuma Baba? To shi ke nan, zan yi.

Bayan kwana tara

Ɗan Gangare: Salam. Ga buta ta ɗaya da ta bakwai na haɗa su a hoto guda. Na tsallake kwana biyu, sanyi ya hana yatsuna motsi da asuba. Babbar matsalata, duk lokacin da na ajiye ta na fara, sai wani ya zo ya ɗauka zai yi alwala, ya dawo da ita ta kalli wani gefen. Da na gaji sai na zagaye gindinta da alli a ƙasa na sa alama inda bakin ke kallo.

Ɗalibar Jami'a: Kai, allin nan dabara ce, mu ma haka muke yi da tef a situdiyo. Bambancin a fili yake. Ta farko kamar an taka ta da mota, ta bakwai kuwa ta zauna a ƙasa da nauyinta. Gyara biyu. Bakin saman da ake zuba ruwa, ka yi masa tsini hagu da dama kamar ido. Da'ira in ka kalle ta a karkace ba ta yin kusurwa, gefenta a lanƙwashe yake komai sirantarsa. Ɗauki kofi ka riƙa karkata shi a gaban idonka za ka gani. Sannan hoton da ka ɗauka da fitilar waya ne, wurin 6B ɗin duk ya yi ƙyalli. Ɗauka da safe kusa da taga, ba fitila.

Baba Malamin Zane: Ni wani abu na gani da ya faranta min rai. Duba gefen butar da ke cikin duhu, can dab da ƙarshe, ka bar wani siririn wuri da ya ɗan fi sauran haske. Wa ya gaya maka ka yi haka?

Ɗan Gangare: Ba kowa Baba. Na ga kamar hasken siminti yana dawowa jikinta a wurin, na yi ta shakka ko idona ne, sai na zana yadda na gani.

Baba Malamin Zane: Ba idonka ba ne, haka yake, hasken da ya daki ƙasa ne ya dawo. Sai dai ka ɗan rage shi, ya yi yawa, bai kamata ya kai hasken ɗaya gefen ba. Inuwar da ta faɗi a ƙasa kuma ka ƙara mata baƙi daidai inda gindin ya taɓa siminti, ta riƙa sakewa tana nisa.

Mai Hoto Terminus: Ba laifi, ba laifi. Amma dai buta ba ta biyan kuɗin haya. In ka gama da Baba ka biyo shago in nuna maka gidan dara a ɓoye.

Baba Malamin Zane: Ina ganin saƙon ai. Shugaba, ina ba da shawara Asabar mai zuwa mu haɗu a gidan tarihi da ƙarfe goma, in rana ta ɗan yi zafi. Tun 1952 Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, ya buɗe wurin nan, amma na tabbata rabin zauren nan gidan namun daji kawai suka sani a unguwar. Akwai tukwane iri-iri da za a zana, akwai tsofaffin kawunan yumɓu na Nok ga mai so, ku ga yadda magabata suka yi idanu masu kusurwa uku da huda a tsakiya sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Bakanike kuma ga kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya a ɓangaren gine-ginen gargajiya, ba mai rai ko ɗaya, sai baka da ginshiƙi da inuwa. Kowa ya zo da allon katako ko kwali mai tauri na ɗora takarda, da reza.

Bakanike Dilimi: In Allah ya yarda zan zo, amma sai na sallami wata mota tukuna.

Anti Mai Lalle: Ina da amarya ranar, ku turo hotuna. Ɗan Gangare, ka nuna wa Hajiya butar kuwa?

Ɗan Gangare: Na nuna mata. Ta ce wannan kam ta gane ta, ita ce mai yoyo ta wajen hannu, kuma in na gama wasa da ita in kai a liƙe.